Katangar da Zakiyya ke Ƙwaƙula

Zuwa ga ƙanena Ramalan, a Damagaram.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali duka. Allah ya ƙara maka sauƙin ƙafar nan. Mu nan Arlit sai godiya. Maƙwabcina Amastan ke rubutawa, na kuwa hana shi gyara mini magana.

Zancen Zakiyya ne, 'yarka kuma surukata. Tun da cikinta ya tsufa take ƙwaƙular katangar bayan ɗaki tana ci, irin kwaɗayin masu ciki, uwarmu ma ta yi. Da ka ji a waya ka hau faɗa, wai a kira masu awon ƙasa. Na ce ba mai auna mini gida. Katangar nan da hannuna na gina ta, da ƙasar da wani direban kamiyo, babbar motar kaya, ya juye mini kyauta daga tulin da ake zubarwa can wajen haƙar ma'adini. Rabin unguwa da ita muka yi gini. Ba wanda ya taɓa takowa ya ce mana kul, kuma har yau abin na ci mini rai.

Kai kuwa sai ka bi ta bayana, ka sa ɗana Nuhu, mijinta, ya kawo su. Suka zo da wata na'ura kamar rediyo. A tsakar gida ƙyas-ƙyas kawai take yi, da aka kai ta ramin da yarinyar ta ƙwaƙule sai ta rikice kamar an zuba ruwa a tafasasshen mai. Suka ɗebi ƙasar a leda, suka dawo suka ce akwai gubar ƙarfe a cikinta, mai taruwa a jiki har ta kai ga ɗan da ke ciki. Suka ce a jiƙa katangar, a rufe hanci, a rushe. Na ce a miƙo mini diga, ba wanda zai riga ni saranta.

Na gode, Ramalan. Da ka biye mini, da yanzu tana nan tana ci. Allah ya saka maka da alheri, ya sa 'ya'yanka su yi maka fiye da haka. Amma cewar da ka yi kaina ya fi katangar tauri, Nuhu yana ji, tana nan a ajiye sai mun haɗu.

Ranar Laraba Zakiyya za ta hau mota, ta zo ta haihu gaban uwarta. Ku sa mata ido, har yanzu hannunta na zuwa bango. Lokotoron asibitin nan ya ce bai ga abin tsoro ba tukuna, amma ka kai ta a sake dubawa. Abin da aka gani, mai daɗi ko marar daɗi, ka faɗa mini yadda yake. Na tsufa, amma zan iya ɗauka.

Ka gaida matarka Mairamu, da Siddiƙa, da Hashimu. Allah ya sauki Zakiyya lafiya.

Yayanka,
Kalilu