Ranar da Ramla Ta Kira Sunan Ɗanta

Zuwa ga ƙanena Alamin a Jidda,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka. Mu nan gefen Makwar muna nan ƙalau. An sako ruwa a tur'a, magudanar ban-ruwa, ɗana Mujahid yana hawasha, gonarsa, tun asuba kamar shi ya ƙirƙiro auduga, ni kuwa gwiwa ce kawai take yi mini gardama.

Na ji ka karanta jaridar nan a wayarka, har ka ƙi cin abinci. Tun kana yaro haka kake, fushi kafin tambaya. To zauna ka ji. Ka san jikana Lukman, ɗan Mujahid, da ciwon fatar da aka haife shi da shi, wanda ko riga ta goge shi sai wurin ya tashi ya fashe. Bara wani mutum mai zaƙin baki ya zo ya ce daga ƙungiyar taimako yake, ya ɗauki hotonsa. Ashe ya baza hoton a waya, ya ce maraya ne, jama'a suna ta tura masa sadaka yana ci. Da asirinsa ya tonu, wata 'yar jarida ta biyo hoton har gidanmu, don ta ga ko da hannunmu a ciki.

Nan aka yi ɓarnar. Ta tambayi Ramla, matar Mujahid, sunan ɗanta a gabana, ni surukarta. Kai ka san Lukman ɗan fari ne. Ramla ta sunkuyar da kai ta ce yaron nan dai. Aka tambaye ta shekarunsa, ta ce a tambayi kakarsa. Ni kuma ina gefe ina jin daɗi an yi tarbiyya! 'Yar jaridar, baiwar Allah, ba ta san alkunyarmu ba, sai ta je ta rubuta cewa matar da aka nuna mata a matsayin uwa ko sunan yaron ba ta sani ba. Rashin sani ya fi dare duhu. Ƙungiyar gaskiya da ke aiko masa da bandeji da man shafawa ta karanta, ta tsayar da komai. Muka koma yayyaga tsofaffin zannuwa muna dafawa, suna manne masa a ciwo. Wallahi kukansa ya fi maganar mutane ci mini rai.

Na sa Mujahid ya kira 'yar jaridar, ya ce ta dawo ta wuni da mu. Ta zo, Allah Ya saka mata. Ta zauna tana kallon Ramla tana jiƙa tsumma tana ɓamɓare shi a hankali, tana hura wa yaron iska. Da Ramla ta gama, ba wanda ya tambaye ta, ta ɗago kai a gabana da gaban mijinta ta ce wannan Lukman ne, ita ta haife shi, a rubuta haka. Yaron ya yi ta waige-waige, don bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. Sai ya ce ta sake faɗa. Ni da nake taƙama da al'ada, ni na fara hawaye.

Jaridar ta gyara maganarta, ko da yake gyaran ƙarami ne a ƙasan shafi. Amma bandeji ya dawo, alhamdulillahi. Saboda haka ka ci abincinka.

Ka gaishe mini da Ruƙayya da Salihu da auta Rayan. Mujahid yana gaishe ka. Ramla tana nan kusa da ni, ta ce in gaya maka Lukman yana gaida kakansa. Da bakinta ta faɗi sunan, kuma ban ce mata komai ba.

Wassalam. Yayarka,
Hindu