Rigar Yarinyar Da Ba A Haifa Ba

Assalamu alaikum Malama. Don Allah ki taimake ni, wasa ya kai ni inda ban san hanyar fita ba.

Ni tela ne, karatun allo kawai na yi, kuma duk layinmu an san ni da tsokana. Matar yayana ce abokiyar wasana. Suna shekara biyu da aure ba haihuwa, wata rana na ɗebe mata nama a tukunya, da ta kama ni sai na ce 'yarta ce ta cinye. Ta yi dariya har da riƙe ciki. Daga nan yarinyar ta samu suna, Tana-Tafe. Kofi ya fashe, Tana-Tafe ce. Na makara zuwa shago, ita na raka makaranta. Har na haɗa ƙyallayen da ke ƙarƙashin keken ɗinki na ɗinka mata 'yar riga. Duk shekara sai in ɗinka wata, in ƙara tsawo da faɗin kafaɗa, in ce yarinyar nan ci gare ta kamar uwarta. Riga shida ke nan. Ni a wurina shirme ne, ashe ninke su take yi tana jerawa a ƙasan akwati.

Wata uku da suka wuce aka yi mata aiki, aka cire mahaifa. Tun ranar bakina ya mutu. In na je gidan, daga bakin ƙofa nake gaishe ta in gudu. Shekaranjiya yaya ya zo shago ya ajiye min yadi ɗaya da rabi a kan tebur, wai matarsa ta ce ba ta ga rigar bana ba. Ko kallon idona bai iya yi ba.

Malama, yarinyar nan fa babu ita, da bakina na ƙirƙire ta. To me ya sa nake jin kamar mun dawo daga jana'iza? Malaminmu ya taɓa ce mana Allah ya san abin da bai faru ba, ya san yadda zai kasance da ya faru. Ke nan tana wani wuri? In na ɗinka, na fama mata ciwo. In na ƙi, kamar ni na kashe ta. Na ɗauki almakashi sau uku ina ajiyewa.

Naki, Tela Mai Dogon Baki.

Wa'alaikumus salam ɗana. Yarinyar ba ta taɓa wanzuwa ba, kada ka ruɗi kanka ko uwar da cewa tana wani wuri tana jira. Abin da ke cikin sanin Allah daban, abin da ya halitta daban. Amma da akwai yiwuwar zuwanta, kuma wannan gaskiya ce, ba ƙirƙirarka ba. Shekara takwas matar nan tana rayuwa da “wataƙila”. Wannan “wataƙila” ce ta rasu a asibiti, shi ya sa kake jin jana'iza.

Wasanka ya ba ta dariya lokacin da wasu ke yi mata gori, wannan ladanka ne. Laifinka shi ne ba ka taɓa tsayawa ka duba nauyinsa a zuciyarta ba, sannan ka gudu ranar da ya yi nauyi.

Kada ka ɗinka ka aika. Ɗauki yadin ka je da kanka, yayanka na wurin. Shiga ciki ka zauna, ka yi mata ta'aziyya kamar yadda ake yi wa uwar da ta yi rashi, don na tabbata babu wanda ya yi mata. Ka bar ta ta yi kukanta. In bayan haka har yanzu tana son rigar, ɗinka mata da kyau, ku yarda ita ce ta ƙarshe. Ina jin ba riga take nema ba, ƙaninta take nema.

Allah ya ba ta lafiya da dangana, ya sanyaya zukatanku duka.