Gurbina a Bakin Duro

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024
An sallame ni daga asibiti, ina gidan Yaya Ja'afar a Gwadangaji. Ƙafar dama ce ruwan zafi ya saɓule, ranar da duron turara shinkafa ya kife mana a wurin Hajiya Adama, can Argungu. Ko takalmi ba ya shiga. Zaman banza zai kashe ni kafin ƙunar.

Juma'a, 18 ga Oktoba
Ummu Hani maƙwabciyata ta zo dubiya, har da soyayyen kifi. Ashe ita Hajiya ta sa a gurbina. Duro mutum biyu ke ɗaga shi, kuma biyu-biyu Hajiya ke ɗaukar ma'aikata, ba ta ajiye ta uku. Ta ce, "Riƙon ƙwarya ni kai miki, Yaya Sharifa." Na ga ta yi kumatu. Tun rasuwar mijinta ban ga haka ba. Na ji haushi, Allah ya yafe mini, kuma na cinye kifin tas.

Laraba, 30 ga Oktoba
Sabuwar fata ta fito. Ƙaiƙayi kamar in yi hauka.

Asabar, 9 ga Nuwamba
Na dawo Argungu. Ƙafa garau, har kasuwa na taka. Hajiya ta aiko in fito Litinin, sabuwar shinkafa ta shigo. Da yamma na jiyo 'ya'yan Ummu Hani ta katanga suna gardamar wa zai kankare tukunya. A da ko hayaƙi ba ya tashi a gidan nan sai an dace. Ni ina da miji mai gonar albasa. To amma gurbina ne, ba sata na yi ba. Me ya sa tuwon ya ƙi wuce mini?

Litinin, 11 ga Nuwamba
Na je. Ummu Hani na ganina ta kwance ɗamara, ta ɗauki mayafinta, tana murmushin da ya fi kuka ciwo. Hajiya ta ce in kama duro mu gani. Na kama, na saki. Na ce ƙafar ba ta ɗaukar nauyi tukuna. Hajiya ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "To tahi wurin shanya. Ummu Hani, aje mayahin nan."

Shanya aikin tsofaffi ne, korar kaji da awaki. Ni da ake kira in duro ya gagara.

Alhamis, 14 ga Nuwamba
Rana ta gasa ni, awaki sun raina ni. Ɗingishin nan da wuyar tunawa yake. Yau na yi shi da ƙafar hagu, kuma Hajiya ta gani. Sai ta kau da kai, ta wuce.