Kantun Baba a Tekun Mus'ab

Sabon Birni,
Jihar Sakkwato.

Zuwa ga Addata Safiyatu,

Assalamu alaikum warahmatullah. Bayan gaisuwa ta addini da ta jini ɗaya, ina fata wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da Malam Ibrahima da yara. Allah ya yaye miki ciwon gwiwar nan da ke damun ki, ya sa Abijan ta ci gaba da karɓar ku. Mu nan alhamdu lillahi. Bazara ta kama sosai, ko kaji ba sa fita tsakar gida da hantsi. Goggo Fadima ta warke daga zazzaɓi, har ta koma faɗa da jikoki, kin san shi ne alamar lafiyarta. Maigidana ya yarje mini na baro garin Isa na zo na zauna gida saboda Baba. Hanya kuwa kin san yadda take, sai a taru a jero motoci da safe a kama addu'a. Direban da ke zuwa Maraɗi za ni ba wannan takarda, don abin da ke bakina ya fi ƙarfin wayar nan da ke yankewa kafin a gama gaisuwa.

Tun da aka kore shanun Baba a Gatawa, aka kashe amininsa Atiku da ke kiwon su, Allah ya jiƙansa, Baba bai sake zama Baban da kika sani ba. Ya shiga ɗaki ya juya fuska bango. Mutumin da ya bi ayari har Bilma tun gemu bai tsiro masa ba, wanda ba a buɗe cinikin gishiri a kasuwar garin nan sai ya zauna, ya koma ko masallacin ƙofar gida ba ya fita. Fura kurɓa biyu, tuwo kuwa ya kalla ya ture. Likita ya duba ya ce jiki ba komai. Malamai sun yi addu'a. Ni dai tsorona, Adda, kada yunwa da shiru su ɗauke mana shi muna zaune muna kallo.

Ana cikin haka autanmu Mus'ab ya dawo daga Jidda. Kin tuna dariyar da muka sha da ya ce aikinsa can shi ne haɗa wa attajirai teku a cikin falo. To, ya shiga ya gaishe da Baba, ya fito idonsa jawur, ya ce mini likita ya yi nasa, malamai sun yi nasu, shi kuwa abu ɗaya hannunsa ya iya, kuma shi zai yi. Ya share tsohon ɗakin ajiyar gishiri, wanda ƙofarsa ke kallon ta Baba. Ya sa aka fasa daɓen aka zuba kankare, wai nauyin ruwan zai kai na mota da lodinta. Mai walda ya ƙera masa gadon ƙarfe. Gilashi daga Kano aka kawo shi, mai kaurin yatsa biyu, aka haɗa akwati wanda tsawonsa ya fi tabarma biyu a jere, zurfinsa ya kai mini ƙirji. Rufin gida ya cika da faifan sola, ga batura, ga injin da ke kaɗa ruwa, ga wani mai sanyaya shi, don wai halittun teku ba sa jure zafin Gobir. Mu da aka haifa a cikinsa ba wanda ya taɓa saya mana irin wannan inji, na ce masa Allah ya isa tsakanina da kifi.

Ruwan burtsatse ma bai yarda da shi ba sai da ya tace shi ɗigo-ɗigo, ya tara ya fi duro goma. Ya shimfiɗa farin yashi, ya jera wasu duwatsu masu ramuka, ya narkar da gishirin da ya sayo daga Legas a cikin bokitai masu murfi. Daga nan ya naɗe hannu ya zauna. Wata ya fita, wani ya shiga, ba ko tsutsa a ciki. Ya ce sai ruwan ya nuna kamar yadda ake rufe daddawa, wai akwai ƙananan halittun da ido ba ya gani da za su fara zama cikin duwatsun su riƙa cinye dattin kifi, in an yi gaggawa duk abin da aka saka mutuwa zai yi. Maƙwabta suna ta sallama su ga teku, su tarar da ruwa da dutse, su fita suna cewa Jidda ta taɓa yaron Alhaji Ɗanmusa. Ni ma, gaskiya, na fara jin kunyar buɗe musu ƙofa.

Kin san abin da ya fito da Baba? Ba kyan akwatin ba ne. Goggo Fadima ce ta tsaya tsakar gida tana salati da ƙarfi, wai yau ta ga ƙarshen duniya, gidan Ɗanmusa ana sayen gishiri daga Legas. Ba a jima ba muka ji ƙarar sanda. Baba ne dafe da bango, rigarsa tana yawo a jikinsa. Ya isa bakin akwatin, ya tsoma yatsa ya ɗanɗana, ya daɗe yana juya harshe, sannan ya ce gishirin ba laifi, amma ba shi da nauyi. Adda, wannan ce doguwar magana ta farko da na ji daga bakinsa tun damina. Na shige kicin na yi kukana na more.

Daga ranar aka shimfiɗa masa buzu a gaban gilashin. A can yake shan furarsa, ba da yawa ba, amma yana sha. Da ruwan ya nuna, Mus'ab ya fara da dodon koɗi da 'yan ƙaguwa masu share gansakuka. Bayan su ya kawo murjani. Ashe murjanin da muke ratayawa a wuya abu ne mai rai! Ƙananan rassa ne ya liƙa a kan duwatsu, wani kore, wani ruwan hoda, in an kunna shuɗiyar fitila sai su buɗe suna rausaya. Sai kifi biyu 'yan mitsi-mitsi, ruwan goro da farar ɗamara. Baba ya sa musu suna Madugu da Jagaba, yana yi musu faɗa in sun yi rigima.

Yanzu ga inda aka samu matsala. Saboda zafi, kullum ruwan akwatin yana raguwa, kullum da safe Mus'ab yana cika shi da ruwan daɗi tsantsa. Dalilinsa shi ne ruwa kaɗai ke tashi, gishirin yana nan inda yake. Amma bai yi wa Baba bayani ba, Baba kuma bai tambaya ba. Shi abin da ya gani, ɗansa yana sirka ruwan gishiri da ruwan banza kowace safiya, kamar mai nono marar tsoron Allah. Sai ya yanke a ransa cewa gishirin yaron ya ƙare, kunya ta hana shi faɗa. Ranar da Mus'ab ya tafi Sakkwato tarbo sauran kifayen da jirgi ya kawo, ni kuma na leƙa Isa wajen suna, Baba ya jawo kantun gishirin nan da ke ƙarƙashin gadonsa, na tafiyarsa ta ƙarshe zuwa Bilma, wanda ya hana kowa taɓawa shekara da shekaru. Ya kira Mairama matar Mus'ab ya ce ta daka masa.

Mairama ta san sarai mijinta ya ce ko hannu mai sabulu kada ya shiga ruwan nan. Amma yarinyar da ko sunan Baba ba ta faɗa, ko fuskarsa ba ta kallo, ta yaya za ta ɗaga kai ta ce wa surukinta a'a? Ta gwada waya, ba sabis. Ta ce mini tana daka tana hawaye, Goggo kuma tana gefe tana guɗa don murnar ganin Baba yana ba da umarni. Da hannunsa ya riƙa ɗiba da ƙwarya yana zubawa yana bismilla har kantun ya ƙare.

Mun iso gida kusan tare da Mus'ab, bayan la'asar. Ruwan da muka bari garau ya koma fari kamar an dama kunu, don kin san gishirin Bilma da kanwa a jikinsa. Murjani duk ya tsuke. Baba kuwa yana zaune a buzu yana murmushi har haƙoransa na goro a waje, ya ce wa Mus'ab daga yau kada ya ƙara jin kunyar ubansa a kan gishiri. Na kalli yaron nan, ina jiran ya fashe. Sai ya ajiye kwalin kifin da ke hannunsa, ya durƙusa ya yi godiya, ya ce Allah ya ƙara girma. Sannan ya tashi ya tsamo Jagaba da sauran abin da ke motsi ya kai ɗakinsa, ya haɗa su da sababbin kifaye a cikin robobi da ɗan injin iska. Madugu ya ɓuya cikin dutse, bai samu kama shi ba.

Da safe Baba ya riga kowa zuwa. Ya tarar da Madugu ya juya ciki sama, rassan murjani sun fara zama fari fat. Ba wanda ya gaya masa komai, ba ya kuma bukata. Ya koma ɗaki ya ja labule. Aka kai fura, ta dawo yadda aka kai ta. Aka kai tuwo, haka. Washegari ma haka. Na ji yana faɗa wa bango cewa shanu sun tafi, Atiku ya tafi, yanzu ga shi da hannunsa ya kashe baƙin ɗansa, tsohon da ba ya gyara sai ɓarna me ya rage masa. Adda, ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokaci ba, don na ga wannan karon ba shi da niyyar sake fitowa.

Na matsa wa Mus'ab ya yi maza ya zubar da ruwan ya haɗa sabo, tun da bokitan gishirinsa suna nan jibge a ɗaki, ko Baba zai ga an gyara ya huce. Ya ƙi. Ya je ya zauna a bakin ƙofar Baba, ya yi magana ta bayan labule. Ya ce laifinsa ne da bai yi bayani ba. Ya ce kifayen da ke robobi ba za su daɗe a can ba, akwatin suke jira. Amma abin da ke cikin akwatin kyautar uba ce, kantun da aka ɗauko a bayan raƙumi, shi kuwa bai isa ya zubar da kyautar ubansa a kwata ba. Ko kifin duka za su mutu, ba zai taɓa ruwan ba sai Baba ya fito ya faɗi yadda za a yi da shi. Na ce a raina yaron nan ya haukace, zai haɗa mana asara biyu. Ya zauna nan tun hantsi, rana ta zo ta same shi bai gusa ba.

Wajen azahar labule ya motsa. Baba ya fito yana faɗa, faɗa na gaske irin na da. Wai wane sakarai ne ya ce ana zubar da ruwan gishiri? A Bilma ruwan ake tarawa a rami rana ta mayar da shi gishiri, ga rana nan kyauta tana gasa mu a banza. Ya sa aka kwashe ruwan aka zuba cikin durorin, aka haƙa ramuka marasa zurfi a bayan gida, aka shimfiɗa leda, aka tattaro duk farantan gidan har da tiren auren Mairama. Shi ke nuna yawan da za a zuba, shi ke fasa ɓawon da ke taruwa a sama da sandarsa. Da ya gaji ya zauna a inuwa, ya dubi Mairama, wadda tun ranar ba ta daina kuka ba, ya ce 'yarsa ta kawo masa tuwo, mai aiki ba ya zama da yunwa. Ya cinye, ya nemi ƙari.

Akwatin yanzu an sake cika shi, ya sake nuna. Fiye da rabin murjanin ya mutu, amma koren ya buɗe. Biyu daga cikin kifayen robobi sun mutu, sauran ana sakin su ɗaya bayan ɗaya, akwai wani shuɗi mai rawayar wutsiya da za ki so ki gani. Kowace safiya Baba ke riƙe butar ruwan daɗi yana cika akwatin, yana yi wa duk wanda ya shigo bayani cewa ruwa ke tashi, gishiri ba ya tashi, kamar shi ya gano. Ba za ni ce miki ya warke sarai ba, wani lokaci yakan koma ambaton Atiku. Zumunta a ƙafa take, Adda. In hali ya yi, ki zo bayan Sallah.

Ki gaishe mini da Malam Ibrahima da kyau, da Hafiza da ƙannenta, ki ce mata ina jiran hoton saukarta. Goggo Fadima tana gaishe ki, ta ce turaren da kika aiko ya ƙare. Mus'ab da Mairama suna gaisuwa, haka mutanen Isa baki ɗaya.

Za ki ga ɗan ƙulli a cikin tsumma tare da takardar nan. Ɗiban farko ne daga ramukan bayan gida. Yana da ɗaci, kada ki sa a miya. Baba ne ya ƙulla shi da kansa, ya ƙi a taya shi. Na tambaye shi saƙon da za ni rubuta miki, ya ce ba sai an tsawaita ba, in ce wa Safiyatu ubanta ya koma sana'a.

Wassalam, taki ƙanwa mai kewar ki,
Naja'atu.