Direban da Ya Kira Gidan Rediyo

Laraba, bayan isha'i

Barci ya ƙi zuwa. Yau da rana Alhaji, mai gidan man da nake wa aiki, ya kira ni ofis. Gwamnati na so ta kafa dokar duba famfunan mai don a daina tauye wa mutane lita, su kuwa masu gidajen mai sun haɗa kai sai sun ga bayanta. Ya ce in buga waya shirin rediyo na yamma, in ce ni direban adaidaita sahu ne. Na kuwa buga. Na ce sunana Sani, na rantse ba a taɓa tauye min ko ɗigo ba, dokar nan wahalar mai kawai za ta jawo wa talaka. Ni da a gabana ake murɗa famfon nan!

Da na dawo gida Yakasai na tarar da Baba a zaure, rediyonsa na gefen tabarma. Mutumin da ya tsufa yana awon citta da kanumfari a kasuwar Kurmi, bai taɓa sallamar mai saye ba gyara ba. Muna cin tuwo ya ce, "Kabiru, ka ji wani direba ɗazu?"

Na ce ban ji ba.

"Har da rantsuwa," in ji shi, bai ko kalle ni ba. "Ni ba shi nake tausayi ba, uban da ya haife shi nake tausayi. Allah ya shirye shi."

Na ce amin. Sai ya turo min tsokar naman da ke gabansa, yadda ya saba tun ina ƙarami. Na ci.