Bujin Baya Guda Uku

Litinin, 16 ga Satumba

"Malama, motar nan da ƙafa biyar take tafiya," in ji Usmanu makaniki, kansa cikin inji. "Alhali da shida aka yi ta."

Na ce shekara biyu ke nan tana ɗingishi, ba ta taɓa kwana a hanya ba. Ya ce wannan tsakanin Gure da Bune ne, kuma da mai ita a ciki. Maraɗi wata magana ce.

Mai ita. Haka kowa ke kiran mijina yanzu in ana zancen katkat ɗin, motarsa ta shiga daji. Sunansa Abdulmumini, amma ni Dokta nake ce masa, tun ina yi don tsokana, da yake marasa lafiyarsa duk masu ƙaho ne. Zazzaɓin kwana huɗu ya ɗauke shi a ƙarshen Afrilu. Makon jiya na fita takaba. Da aka zo rabon gado na ce a ba ni motar, a bar wa danginsa lambun kwari. Sun kalle ni kamar wadda ta zaɓi ƙashi ta bar tsoka.

Takardar sauyin wurin aiki ta iso. Ranar ɗaya ga Oktoba in ban sa hannu a lise, babbar sakandaren Maraɗi, ba, a ba wani gurbin, in sake shekara a nan. Ni na nema da kaina, a wata na biyu na takaba, lokacin da nake jin haushin kowane bango.

Talata, 17 ga Satumba

Buji, masu ba inji tartsatsin wuta, shida ne, kowace ƙafa da tata. Uku a gaba, ko makaho zai kwance su. Uku a baya, maƙale tsakanin inji da jikin mota, ƙarƙashin wani ƙaton bututun iska. Ɗayansu ce ta mutu.

Usmanu ya ce a Gure na gaba ake canjawa, na baya a bar su da addu'a. In ya ɗaga bututun, inji zai zauna baki buɗe, rairayi kuwa a nan ba ya neman izini. In bai ɗaga ba, hannunsa ba ya shiga. Ya nuna mini hannun. Gaskiya ya faɗa, kamar faranti.

Shekara tara ina koya wa ƴan lise yadda tartsatsi ke kunna isansi, wato fetur. A kan allo injina bai taɓa ɗingishi ba.

Alhamis, 19 ga Satumba

Ban je garaji ba. Na ce kaina ke ciwo.

Iya Kaltumi, uwar Dokta, ta aiko da dabino, sannan ta biyo dabinon. Ta tambayi lafiyar motar kamar ana tambayar maƙiyi. Da na ce ba ta warke ba ta ce, "Allah sarki," fuskarta fal murna. "Ki bari a yanke gero mana, ɗiyata. Makaranta gudu take?"

Ba ta taɓa ce mini ɗiyata ba yana da rai. Malama nake.

Asabar, 21 ga Satumba

Ina neman takardun mota a akwatin gaba, ƙarƙashin igiya da tsofaffin alluran shanu, sai ga kwali. Buji uku sababbi, ba a taɓa su ba.

Na kai wa Usmanu. Ya juya kwalin, ya ce:

"Shida ya saya a Damagaram. Na gaba shi ya ɗaura da hannunsa, nan gindin bishiyar bedin nan. Na ce na baya fa, Dokta? Ya ce akwai mai siririn hannu a gida, sai ta samu sarari."

Na tuna ranar. Ina gyaran takardun jarrabawa, ya leƙo, baƙin mai har gwiwar hannu. "Hindatu, ara mini hannunki minti goma." Ban ko ɗaga kai ba. Na ce ban yi shekara biyar a jami'a don in zama karen mota ba. Ya yi dariya, ya ce ba gaggawa. Na ji daɗin amsar tawa a lokacin, har na maimaita ta a ɗakin malamai.

Lahadi, 22 ga Satumba

Minti goma.

Talata, 24 ga Satumba

Usmanu na son a canja duka shidan, su tashi tare. Na ce na gaba ba mai taɓa su. Ya ce to, a bar su. Mutumin ya fi yawancin masu digirin da na sani hankali.

Alhamis, 26 ga Satumba

Da hantsi muka fara, inji na da sanyi, iska ba ta taso ba. Ya hure ramukan da famfon taya har sau uku, ya ce ƙwayar rairayi ɗaya ta faɗa ciki, sai dai in tafi Maraɗi a kan jaki. Na cire zobe da awarwaro, na ɗaure mayafi a ƙugu, na hau kan tsohuwar taya, na kwanta da ciki a kan motar. Masu shayi na tsallaken hanya suka samu abin kallo kyauta.

Ba a ganin komai. Da yatsu ake gani. Shi yana riƙe da doguwar kile ta kwance buji daga sama, ni ina lalubo ramin in zaunar da bakinta. Ta farko ta fito baƙa ƙirin. Ta biyu ta ƙi, ta ci mini fatar yatsu biyu kafin ta yarda.

Sawa ta fi cirewa wuya. Ya cusa sabuwar a guntun tiyo ya miƙo mini. "Da tiyon za ki murza, Malama, a hankali. In ta yi gardama ki koma baya. Kika tilasta ta, kin kashe injin."

Ta ƙarshe, can lungu, sau huɗu ina komawa baya. Kuncina manne da ƙarfe, warin mai da ƙurar daji da wani abu kamar rigarsa in ya dawo rigakafi. Na daɗe a haka fiye da yadda aikin ke bukata. Usmanu ya ce zai je ya sha ruwa, alhali buta na gefensa.

Awa biyu da rabi. Dokta bai iya lissafi ba.

Da aka tayar, sai ta ɗauka sumul. Masu shayi suka tafa. Ni kuwa na tsaya ina jiran abin da bai zo ba. Wannan tuntuɓen da take yi, du-du-dum, sai ta ɗan shaƙe, da shi nake gane ya shawo kwanar gidanmu, in tashi in ɗora ruwa ina yi kamar ba jiransa nake ba. Yanzu ƙararta irin ta motar kowa ce.

Da hannuna na yi.

Juma'a, 27 ga Satumba

Ɗaure kaya. Littattafai sun fi tukwane yawa, Iya ta ce ta daɗe da sanin haka.

Asabar, 28 ga Satumba

A Gidigir nake rubuta wannan, na tsaya duba taya. Tayar lafiyarta lau.

Da safe Iya Kaltumi ta zo da goran fura da ƙullin dabino. Ta zagaya motar, ta kasa kunne, ta ce, "Ba muryarta ba ce." Ashe ita ma da ɗingishin take gane shi. Shekara biyu muna sauraron abu ɗaya daga gida biyu, ba wadda ta faɗa wa ƴar'uwarta.

Tsofaffin bujin uku suna jakata, a ƙulle cikin hankici. Ban san amfaninsu ba. Na ciro ɗaya na ba ta, wadda ta mutun. Ba ta tambayi ko mene ne ba, ta ƙulle a bakin zane.

Ta ce, "Hutun Disamba?"

Na ce hanya ba ta da kyau. Sai na ji bakina ya ƙara da cewa amma motar Abdulmumini yanzu ƙafarta shida.

Na shiga na zauna, na kasa jawo ƙofar. Ita ta tura mini ita da hannu biyu har ta rufu, ta bubbuga gilashi sau biyu kamar yadda ake sallamar direba. Na sa giya.