Kada Kawunku Ya Buɗe Jan Akwati

Ni Esnat Kalimbuka nake rubuta wannan daga gadon asibiti a Zomba, zuwa ga 'ya'yana uku: Chikumbutso, Tiyanjane da Limbani. Jiki ya gaji, amma hankalina garau yake. Kada wani ya ce zafin ciwo ne ya sa ni sambatu.

1. Gonar masara ta bakin rafi ta Tiyanjane ce, kamar yadda na gada daga uwata. Awaki na Chikumbutso ne. Limbani ya ɗauki keken da rediyon, ya daina kumbure-kumbure.

2. Mutuwa ba ta ba ni tsoro kamar jan akwatin da ke ƙarƙashin gadona a ƙauye.

Shekara ashirin da biyu da suka wuce, lokacin da ƙanjamau ke ta kwasar mutane, wasu likitoci suka zo gwajin magani a kan mata masu ciki. Suka ɗauke ni tafinta, don na yi aikin jinya kuma na san kowane gida. Ƙa'idarsu ita ce ba a rubuta suna a kwalbar jini, sai lamba. Littafi ɗaya tak ya haɗa lamba da suna da abin da aka gani a jinin, kuma ni ke riƙe da shi.

Kafin mace ta dangwala yatsa, sai na karanta mata cewa tana iya ƙi, tana iya fita duk ranar da ta ga dama, kuma ba mai jin sirrinta. Wata daga cikinsu, ba zan faɗi sunanta ba, ta damƙe mini hannu ta ce, "Ke Esnat, bar zancen takardar Turawa, ke nake tambaya. In mijina ya ji, gobe zai naɗe tabarmarsa ya bar ni da yara biyar." Na ce mata, "Daga ni sai kabarina." Mata ɗari da goma sha huɗu na yi wa wannan alkawari.

Da aikin ya ƙare aka ce in ƙona littafin. Ban ƙona ba, na ɓoye shi a jan akwatin. Na ce idan maganin ya yi wa wata lahani daga baya, da me za ta nuna an yi da ita? A ganina tausayi ne. Amma ba wadda na tambaya ko ta yarda in ajiye sunanta, kuma kullum sai in ce gobe, har ciwo ya kayar da ni.

Kun san al'adarmu. Bayan an binne ni, kawunku Laston zai sa a fito da kayana tsakar gida, a buɗe kowane akwati gaban dangi kafin a raba. Kun kuma san halinsa: ko takardar sabulu ya tsinta sai ya gyara tabarau ya karanta wa jama'a da ƙarfi.

3. Tiyanjane, kada ki jira in cika. Ranar da wannan takarda ta iske ki, ki hau mota zuwa ƙauye. Makullin yana cikin gwangwanin gishiri. Littafin mai baƙin bango ne. Ki sa shi a murhu, ki tsaya har ya zama toka. Kada ki buɗe, ko shafi ɗaya. Na san ki da son ganin ƙwaƙwaf, a wurina kika gado, amma abin da ido ya gani ba ya komawa.

4. Chikumbutso da Limbani, wannan gabar da kuke yi kan iyakar fili ta isa haka. Kawunku zai yi faɗa idan ya ji an taɓa akwatin, zai ce 'yar'uwarku ta ɓoye wani abu. Ku tsaya gefenta ku biyu, ku ce umarnina ne, kada ku ƙara ko kalma.

Ubangiji ya yi muku albarka, ya haɗa kanku, kada ya bar ɗayanku ya ci abinci ɗan'uwansa na jin yunwa. Ranar jana'izata mata za su cika gidan, wasu na tuƙa tuwon nsima, wasu na ɗebo ruwa, wasu na waƙa a kaina. Fiye da rabinsu suna cikin littafin nan, kuma za su riƙa satar kallon fuskokinku don su gane ko kun sani. Ku bar su su koma gida da kwanciyar hankali.